Yadda Nake Tsara Jeri Mai Ɗigo da Mai Lamba a InDesign

A shekarun farko da na fara aikin tsara shafukan littattafai, wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta kawo mini kundin tsarin mulkinta domin in shirya shi a kai maɗaba'a. Kundin bai kai shafi arba'in ba, amma kusan kowane sakin layi a cikinsa yana ɗauke da lamba, daga manyan sassa zuwa ƙananan sassan da ke ƙarƙashinsu. Sakataren ƙungiyar ne ya buga shi da kansa a Word, kuma ya rubuta kowace lamba da hannu, ya bi ta da aya, sannan ya yi ta danna maɓallin tazara har sai ya ga rubutun ya zo daidai da na samansa. Ni ma da yake ban san wata hanya da ta fi wannan ba a lokacin, sai na zuba rubutun a InDesign, manhajar tsara shafukan littattafai, na ci gaba da lallaɓa shi a haka. Ana saura kwana biyu a miƙa aikin sai ga shugaban ƙungiyar, ya ce taronsu ya amince a ƙara sashe guda a kan hukuncin wanda ya ƙi biyan kuɗin wata-wata, kuma wurinsa yana tsakanin sashe na 7 da na 8.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ai wannan ƙaramin aiki ne," alhali ban auna abin da ke gabana ba. Sashe na 8 zai koma na 9, na 9 ya koma na 10, a haka har zuwa ƙarshen kundin, kuma kowane sashe yana da 'ya'yansa da tilas su bi shi. Na raba dare ina goge lamba ina rubuta wata. Da littafin ya fito sai aka tarar akwai sashe na 19 har guda biyu, babu na 20, kuma a inda aka rubuta "kamar yadda ya zo a sashe na 12", mai karatu idan ya je can zai tarar da maganar zaɓen ma'aji maimakon maganar korar ɗan ƙungiya. Sai da aka buga 'yar takardar gyara aka manna a cikin bangon kowane kwafi, kuma daga aljihuna kuɗin ya fita. Tun daga ranar ban sake rubuta lambar jeri da yatsana ba a duk aikin da mai shi zai iya sauya ra'ayi kafin a buga.

Ba laifin masu tsara shafi na da ba ne idan sun saba da rubuta lamba da hannu, domin manhajojin kansu sun daɗe ba su iya wannan aikin ba. PageMaker, wanda kamfanin Aldus ya fitar a 1985 kuma wanda da yawa daga cikin manyanmu a wannan sana'a suka koyi aiki da shi, yana da ɗan kayan aikin da ke sa ɗigo ko lamba a gaban sakin layi, sai dai abin da yake sawa rubutu ne kamar kowane rubutu, ba ya motsi idan an ƙara ko an rage. InDesign ya fito a 1999 ba tare da jeri mai sarrafa kansa ba. Sai a sigar CS2 ta 2005 aka shigar da shi cikin manhajar, sannan CS3 ta 2007 ta kawo jeri mai hawa-hawa da kuma lambar da ke iya ci gaba daga wannan akwatin rubutu zuwa wancan. QuarkXPress ma, wata manhajar tsara shafi, sai a sigarsa ta 9, a 2011, ya samu nasa. Saboda haka wanda ya koyi aiki kafin wannan lokaci ya koyar da yaransa abin da ya sani, su ma suka koyar da nasu.

Abu na farko da ke ba sabon shiga mamaki shi ne, ɗigo ko lambar da InDesign ya sa ba ta taɓuwa. Idan ka ja linzami a kanta ba za ta zaɓu ba, idan ka neme ta da kayan bincike ba za a same ta ba, domin ba ta cikin rubutun, tana cikin umarnin da aka ba sakin layin ne. Wannan ya sa nake fara kowane aiki da ƙirƙirar salon sakin layi guda biyu, wato umarnin tsari da ake adanawa da suna a riƙa ɗora wa sakin layuka, ɗaya in sa masa suna "jeri ɗigo", ɗaya "jeri lamba", in gina su a kan salon gundarin rubutu domin su gaji samfurin haruffansa da girmansa. Akwai maɓallan da ke sa ɗigo ko lamba nan take a saman allo, amma ba na amfani da su a aikin da ya wuce shafi ɗaya, saboda duk gyaran da aka yi ta nan a kan sakin layin da aka zaɓa kaɗai yake tsayawa. Ranar da marubuci ya ce ɗigon ya yi girma, wanda ya yi aiki da salo zai gyara wuri guda littafin duka ya bi, wanda bai yi ba kuwa sai ya bi shafi-shafi.

Inda aikin yake shi ne a ma'aunin shigar layi. Jeri mai kyan gani shi ne wanda ɗigo ko lamba ke tsaye su kaɗai a hagu, rubutu kuma ya jeru a kan miƙaƙƙen layi guda, ta yadda layi na biyu da na uku za su fara daidai ƙarƙashin harafin farko na layin farko, ba ƙarƙashin ɗigon ba. Ma'auni biyu ne ke samar da wannan. Na farko shi ne tazarar hagu, wadda ke tura sakin layin gaba ɗaya zuwa ciki. Na biyu shi ne tazarar layin farko, wadda ake ba lamba mai alamar ragi domin ta jawo layin farko kaɗai ya dawo baya. A littafi mai girman A5 da rubutu mai girman 11, nakan ba jeri mai ɗigo tazarar hagu ta milimita 5, layin farko kuma ragin milimita 5. Ɗigon sai ya zauna a bakin akwatin rubutu, alamar Tab da ke biye da shi ta tsallaka da rubutun zuwa milimita 5, sauran layukan kuma su same shi a can. InDesign ba ya karɓar ragin da ya fi tazarar hagu yawa, don haka ita ake fara sawa. Idan gundarin rubutun littafin yana da shigar layin farko, nakan daidaita ma'aunin jerin da ita, domin ido ya ga layi ɗaya a tsaye maimakon biyu da suka kusa haɗuwa amma ba su haɗu ba.

Dalilin da ya sa maɓallin tazara ba zai taɓa yin wannan aikin ba shi ne faɗin tazarar ba tsayayye ba ne. A rubutun da aka daidaita gefensa biyu, manhaja tana miƙe tazarar da ke tsakanin kalmomi ko ta matse ta domin layi ya cika, saboda haka tazara uku a wannan layin ba su kai faɗin tazara uku a wancan ba. A allo za ka ga kamar sun daidaita, a takarda sai ka ga bakin rubutun yana tafiyar maciji. Mafi muni shi ne karya layi da hannu a ƙarshen kowane layi sannan a tura na ƙasa da Tab, domin da zarar an sauya kalma ɗaya ko an rage faɗin shafi, sai ramuka su bayyana a tsakiyar jimla.

Akwai wata ɗabi'a ta InDesign da ta daɗe tana ruɗa ni kafin in gane ta: ɗigo da lamba suna kwaikwayon harafin farko na sakin layinsu. Idan abu na uku a jerin ya fara da kalma mai kauri, lambar 3 za ta yi kauri ita kaɗai a cikin 'yan uwanta, idan kuma ya fara da sunan littafi a karkace, ita ma sai ta karkace. Na fi ganin wannan a littattafan makarantun Islamiyya, inda wani abu a jerin ke farawa da kalmar Larabci mai nata samfurin haruffa daban, sai lambar ta fito da wata kama da ba ta sauran ba. Maganin shi ne a ƙirƙiri salon harafi na musamman, a ayyana masa samfurin haruffa da kauri da launi, sannan a zaɓe shi a cikin sashen ɗigo da lamba na salon sakin layin. A nan ne kuma ake rage girman ɗigo, domin na wasu samfuran haruffa ƙato ne har yana danne rubutu. Idan an rage shi yakan sauka ƙasa kaɗan, sai a ɗaga shi daga gindin layi har ya zo tsakiyar ƙananan haruffa. A ganina ɗigo zagayayye ɗan madaidaici ya ishi kusan kowane littafi. Taurari da kibiyoyi da hannu mai nuni sun fi dacewa da katin biki.

Jeri mai lamba yana da tasa matsalar da ba ta bayyana sai an kai 10. Lambobi 1 zuwa 9 suna zama lafiya a milimita 5, amma 10 da ayarta sun fi wurin faɗi, sai Tab ya tsallake zuwa zango na gaba, rubutun abu na goma ya shige ciki fiye da na tara. Faɗaɗa tazarar yana gyara tsallen, sai dai ayoyin ba za su jeru ba, domin 9 tana zaune a kan 1 ɗin da ke cikin 10 maimakon a kan sifirin. Abin da nake yi shi ne in daidaita lambobin ta dama. Amma a lura, idan aka zaɓi dama, InDesign yana kafa ƙarshen lambar a inda layin farko ya fara ne, jikinta kuma ya miƙa zuwa hagu, don haka idan tazarar hagu da ragin layin farko daidai suke, lambar za ta fita wajen akwatin rubutu. Nakan sa tazarar hagu milimita 10, ragin layin farko kuma milimita 3 kawai, sai ayar kowace lamba ta tsaya a milimita 7, a sami wurin lamba mai gida biyu a hagunta. Lambobin Romawa sun fi kowa cin wuri, domin viii ta ninka i faɗi sau da yawa, kuma ba na sa su sai marubuci ya nace.

Sai maganar komawa 1. Idan ka gama jeri na farko a kan 6, ka yi shafi biyu na bayani, ka buɗe sabon jeri da salo ɗaya, InDesign zai fara shi da 7, domin a wurinsa jerin bai ƙare ba, an dai katse shi ne. Ana iya danna dama a kan abu na farko a umarce shi ya sake farawa, kuma wannan ya wadatar a ƙaramin aiki, sai dai gyara ne na wuri guda da ke ɓacewa idan wani ya share gyare-gyaren da aka ɗora a kan salo. Hanyar da ta fi ƙarko ita ce a yi salo na biyu mai suna "jeri lamba na farko", wanda aka gina a kan na asali, bambancinsa kawai shi ne an ce ya fara daga 1. Akwai kuma dabarar da na fi so a littafin da kowane jeri ke zuwa bayan kanun magana: a mai da kanun ya zama hawa na ɗaya na jerin amma a goge komai daga gurbin lambarsa domin kada ta fito, a mai da abubuwan jerin hawa na biyu, a ce su sake farawa duk lokacin da hawan da ke sama ya bayyana. Daga nan duk inda aka sa sabon kanu, lissafi zai koma 1 da kansa.

Wannan tsari na hawa-hawa shi ne abin da kundin waccan ƙungiya yake buƙata. A gurbin lamba InDesign yana rubuta ^#.^t, wato lambar wannan hawa, sai aya, sai Tab. Idan a salon hawa na biyu aka rubuta ^1.^#^t, inda ^1 ke ɗauko lambar hawa na ɗaya, za a sami 3.1 da 3.2 a ƙarƙashin sashe na 3, kuma ranar da sashen ya koma na 4, 'ya'yansa za su koma 4.1 da 4.2 ba tare da an taɓa su ba. Sharaɗin shi ne dukkan hawan su kasance cikin jeri ɗaya da aka raɗa wa suna, in ba haka ba ƙaramin ba zai san babbansa ba. Ita ma maganar "duba sashe na 12" tana da magani tun daga sigar CS4 ta 2008, inda ake iya ɗaure ishara da sakin layin da take nufi ta riƙa ɗauko lambarsa. Sai dai ba ta sabunta kanta a ɓoye, alamar gargaɗi take nunawa, kuma dole a danna sabuntawa kafin a fitar da PDF. Jeri mai suna yana iya ratsa akwatunan rubutu da ba a haɗa ba, kamar lambobin hotuna, har ma ya ci gaba daga babi zuwa babi idan an tara fayilolin a littafi guda. A nan akwai tarko ɗaya: idan akwatuna biyu suna shafi ɗaya, wanda aka fara ƙirƙira shi ke ɗaukar lambar farko ko da shi ne a ƙasa, sai an yanke su an sake liƙawa bi da bi.

Yawancin rubutun da ke zuwa hannuna daga Word yake fitowa, kuma iri biyu ne. Wanda aka yi da jerin Word na gaskiya yakan shigo da ɗigonsa cikin samfurin haruffan Symbol, wani lokaci ya fito da launin hoda mai nuna cewa manhaja ba ta sami harafin ba, amma ɗora salona a kai tare da share abin da ya zo da shi yana gyara shi. Wanda aka rubuta lambobinsa da hannu kuwa, idan aka ɗora masa salo sai lamba ta zama biyu, ta manhaja da ta marubuci. Ina share na marubucin da binciken GREP, wanda ke neman sigar rubutu maimakon takamaimiyar kalma, in rubuta ^\d+\.[ \t]+ a gurbin nema in bar gurbin musanya fanko. Ina taƙaita binciken ga salon jerin kawai, domin na taɓa sakin sa a kan littafi duka ya cinye shekarar da wani sakin layi ya fara da ita.

Rubutun Hausa yana ƙara mana abin lura guda biyu. Na farko, samfurin haruffan da aka zaɓa wa jerin dole ya kasance yana da ɓ da ɗ da ƙ manya da ƙanana, kamar Charis SIL ko Andika ko Noto, musamman da yake abubuwan jeri sukan fara da babban baƙi, kuma manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ su ne aka fi rasawa. Na biyu, jeri mai haruffa a InDesign abacadar Turanci yake bi, bayan b sai c, ba ya sanin ɓ. Wani malamin Hausa ya taɓa neman in jera masa zaɓin amsoshi a kan a, b, ɓ, c. Na gaya masa cewa ɗalibai sun saba da A, B, C, D a takardun jarrabawa, amma da ya tsaya a kan ra'ayinsa sai na rubuta haruffan da hannu, na bi kowanne da Tab, na bar ma'aunin shigar layin yana aikinsa.

Tazarar sama da ƙasa ba ta da wuyar sha'ani. Abubuwan jeri su kusanci juna, jerin kuma ya ɗan nisanci rubutun da ke samansa da ƙasansa. Tun daga sigar 2019 akwai gurbin da ke ayyana tazara tsakanin sakin layuka masu salo ɗaya, wanda ya rage buƙatar yin salo daban domin abu na ƙarshe. Jimlar da ke gabatar da jeri, mai ƙarewa da ruwa biyu, nakan ɗaure ta da layin da ke bin ta domin kada ta kwana ita kaɗai a gindin shafi.

Duk da abin da ya same ni, akwai lambobin da ba na barin manhaja ta taɓa. Idan marubuci yana kawo sassa daga kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, ya ambaci sashe na 33 a kan 'yancin rayuwa, da na 35 a kan 'yancin walwala, da na 38 a kan 'yancin tunani da addini, waɗannan lambobi sunaye ne, ba lissafi ba, kuma manhajar da za ta mai da su 33, 34, 35 ta yi ɓarna. Haka lambar ayar Alƙur'ani ko ta hadisi take. Irin waɗannan da hannu ake rubuta su, a ba su ma'aunin shigar layi irin na sauran. Haka kuma idan kundi ya riga ya fara aiki har mutane suna kafa hujja da lambobinsa, nakan yi amfani da umarnin mai da lamba rubutu domin su daskare, bayan na ajiye kwafin fayil ɗin da lambobinsa ke da rai, saboda idan an adana an rufe babu komawa.

Wani ɓangare na aikin kuma ba na manhaja ba ne, tsakanina da marubuci ne. Nakan tambaye shi ko abubuwan da ya jera suna da tsari na gaba da baya. Matakan alwala ko na cike fom suna son lamba domin ba a yin na huɗu kafin na biyu, amma kayan da ɗalibi zai zo da su makaranta ɗigo ya ishe su, tunda lamba za ta sa a zaci bokiti ya fi tabarma muhimmanci. Nakan kuma roƙe shi ya sa abubuwan su fara da siga ɗaya: idan na farko ya ce "a wanke hannu", kada na biyu ya ce "kurkure baki", na uku kuma ya zo da doguwar jimla mai nata fi'ili. Sau da yawa ma nakan ba da shawarar a mai da jeri mai abu biyu ko uku cikin jimla, domin Hausa tana da "na farko" da "na biyu" da "sannan" da ke ɗaukar wannan nauyi ba tare da an yayyanka shafi ba.

Kafin in miƙa kowane aiki mai lambobi, nakan sabunta isharori, in fitar da PDF, in buga shi a takarda, in ɗauki jan biro in bi gefen hagu kaɗai ina ƙirga lambobin da baki ba tare da karanta rubutun ba. A aikin da na gama a makon jiya, wannan ƙirgar ce ta nuna mini jerin da ya fara da 5 a shafi na 62, saboda kanun da ke samansa an yi masa kauri da hannu ne, ba a ɗora masa salon kanu ba.